Abin da Inna Take Kaiwa Rana

A sanyin da ƙafafun Inna suka matsa mata, mu biyu ne kawai a gidanmu na unguwar Bani Harisa. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Yayana yana Yanbu, a matatar mai yake aiki, sai ƙarshen wata yake leƙo mu. Ni kuma ina aiki a ofishin wata makarantar 'yan mata, in fita da sassafe, in dawo bayan azahar. Inna ta haura saba'in a lokacin. A nan Madina aka haife ta. Iyayenta ne suka taho daga ƙasar Hausa a ƙafa, ta Chadi da Sudan, suka yi hajji ba su koma ba.

Na kai ta mustashfa, wato asibiti, aka ɗebi jininta. Likitar ta duba takarda, ta ce ƙasusuwan Inna sun yi laushi saboda ba ta samun rana. Ta rubuta ƙwayoyi, ta ce kullum a fito da ita ta sha hantsi, ko na minti ashirin ne.

A mota na yi dariya. Na ce, "Inna, kin ji? A Madina ake cewa mutum ya rasa rana." Alhali haka muke. Rabin shekara gudun rana muke yi, labule biyu a kowace taga, idan sanyi ya shigo kuma sai mu manta mu yaye.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Me ta ce a kan ƙashi? Faɗa mini da Hausa."

Na faɗa mata. Ta juya fuskarta wajen gilashi har muka isa gida.

Da yayana ya zo, sai ya taho da agogon nan na zamani mai baƙar fuska. Ya haɗa shi da wayata, ya nuna mini inda zan duba. Ya ce agogon yana ƙirga mintunan da hasken rana ya sauka a kansa, muddin hannun riga bai rufe shi ba. Ya durƙusa ya ɗaura wa Inna da kansa.

Ta ce, "Ni da kiran salla ne agogona, me zan yi da wannan?"

Ya ce, "Don Allah ki bar shi, Inna. Ko ina Yanbu hankalina zai kwanta."

Saboda shi ta bari. Sati na farko, duk ranar da na duba sai in ga sifili. Idan na dawo aiki na roƙe ta mu zauna bakin taga, sai ta ce akwai sanyi. Wata rana na yaye labulen falo ba tare da na tambaye ta ba, hasken ya faɗo a kan kafet. Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta ce, "Rufe." Na rufe.

Wata ranar Talata ina ofis, na buɗe waya don in duba wani saƙo, sai na ga minti talatin da takwas. Washegari arba'in da ɗaya. Ranar Alhamis arba'in. Duka tsakanin ƙarfe tara da goma na safe, lokacin da ba na gida.

Na tambaye ta muna cin abinci. "Inna, kin fita ne yau?"

"Ina za ni da waɗannan ƙafafu?"

Ƙofar waje yadda na kulle ta haka nake tarar da ita. Takalmanta suna inda suke. Labule a rufe. Na ɗauka agogon ne ya lalace, na karɓe shi na ajiye ƙarƙashin fitila na tsawon awa guda, bai ƙirga ko minti ɗaya ba. Na sauka wajen maƙwabciyarmu ta ƙasa, wata 'yar Damagaram, na tambaye ta ko tana ganin Inna da safe. Ta ce ba ta taɓa ganin ta sauko ba. Sai ta ƙara da cewa, "Amma ina jin ja. Kamar ana jan buhu a matakala, a hankali a hankali, sama yake yi. Na ɗauka kin kawo mai gyara ne."

Daga hawanmu zuwa saman gida matakala sha huɗu ce, Inna kuwa daga gado zuwa banɗaki sai ta dafa bango. Da yamma na duba rigar da ta cire. Bayanta duk farar ƙura ce.

Ranar Lahadi na nemi izini a wajen aiki, na dawo ƙarfe tara da rabi. Rediyo yana karatun Alƙur'ani ƙasa-ƙasa a ɗakinta, ita ba ta ciki. Ƙofar matakala a buɗe. Na cire takalmina na hau.

Saman gidanmu ba wurin zama ba ne. Tankin ruwa ne, da igiyar shanya da aka daina amfani da ita, da katanga mai tsawo wadda ba a hango komai ta samanta sai kan dutsen Uhudu, ja-jir a cikin hasken safiya. Iska tana kaɗawa da sanyi. Inna tana zaune a ƙasa ta jingina da tankin, ta miƙe ƙafafu, ta naɗe hannayen riga har gwiwar hannu. A cinyarta akwai wani tsohon zani fari wanda ya koma launin ƙasa, an ninke shi dogo-dogo. Ta sa tafin hannu ɗaya a ƙarƙashin kansa, ɗayan kuma tana shafa ƙasansa. Tana magana a hankali.

"Miƙe mana. Miƙe ƙafar. Kin ji ɗumi?"

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Ita ta fara magana, ba tare da ta ɗago ba.

"Agogon ne ya kai ƙarata ko?"

Na ce, "Shi ne, Inna."

"Zo ki zauna, kina tare mata rana."

Na matsa gefe na zauna. Ta ce, "Kar ki kalle ni haka. Ba hauka nake ba, na san zani ne."

Nan ta ba ni labarin. Kafin yayana, ta haifi 'ya mace. A lokacin ita da babanmu suna haya a wani ɗaki na ƙasa a tsohuwar unguwar da ke jikin Harami, babban masallacin Madina, cikin lungun da mutum biyu ba sa wucewa kafaɗa da kafaɗa. Ɗakin ba shi da taga, sai wata 'yar kafa a sama. Ko da tsakar rana sai an kunna fitila. Yarinyar ta kusa shekara biyu ba ta tsaya ba. Idan aka tsayar da ita sai ƙafafun su lanƙwashe, ta yi ta kuka. Akwai wata tsohuwa 'yar Chadi a gidan da take ce wa Inna ta riƙa kai ta rana, ta hau da ita sama ta buɗe mata ƙafafu.

"Lokacin sanyi ne, irin wannan," in ji Inna. "Tana tari. Na ce idan na fitar da ita iska za ta shiga ƙirjinta. Sai na ƙara naɗe ta. Na ce bari sanyi ya wuce tukuna. Tsohuwar ta yi magana sau uku, ta gaji ta bari."

Sanyin bai wuce ba yarinyar ta rasu. Maza suka ɗauke ta zuwa maƙabartar Baƙi'a, suka dawo da zanin. Babanmu ya ce ƙaddara ce, kuma kar a ƙara tayar da maganar a gidansa, don yana ganin Inna za ta lalace. Ta bi maganarsa har bayan ransa.

"Na ɗauka zancen tsofaffi ne," ta ce. "Fiye da shekara hamsin ina ce wa kaina zancen tsofaffi ne. Sai ga likita da takarda a hannu."

Na ce, "Inna, tari ne. Ba laifinki ba ne. Kwananta ne ya ƙare."

"Ban ce laifi ba. Na ce ban kai ta ba."

Muka zauna har inuwar katanga ta fara hawa ƙafafunta. Na ga yadda take sauka: a zaune, matakala ɗaya bayan ɗaya, zanin a kafaɗarta, tana dafa ƙasa da tafin hannu. Ta hana ni riƙe ta.

Kwana biyu bayan haka ta ce in kai ta Harami da hantsi. Na tura ta a keken marasa lafiya. Tsohuwar unguwar babu ita tun ina ƙarama, an rushe ta da aka faɗaɗa masallaci, yanzu fili ne shimfiɗe da farin dutse. Inna tana ta nuna mini hanya. "Yi dama. A'a, koma baya." Tana duban koriyar ƙubba, tana duban hasumiya, tana auna nisa da ido. Muka yi ta kewaya tsakanin masu ziyara. A wani wuri da ba shi da wata alama ta ɗaga hannu.

"Nan ne. Ko nan, ko ɗan gaba kaɗan."

Ranar ba a buɗe manyan laimomin da ke yi wa filin inuwa ba. Rana ta cika wurin, dutsen yana ƙyalli har sai mutum ya ƙanƙance ido. Wasu mata daga Indonisiya sun zauna kusa suna cin dabino. Inna ta dubi ƙasa, ta dubi sama.

"Ashe rana tana kaiwa nan," ta ce.

Ba ta yi kuka ba. Ta yi addu'a gajeriya, ta shafa, ta ce in mayar da ita gida, bayanta ya gaji.

Daga ranar ba ta sake hawa sama ba. Ta riƙa shan ƙwayoyinta, wani lokaci ta yarda in yaye labule. Lissafin agogon ya koma minti uku, minti biyar, wata rana babu. Yayana ya kira yana faɗa, na ce ya ƙyale ta. Sai daga baya na ba shi labarin. A waya ya ce, "Ashe ba ni ne babba ba."

Inna ta ƙara ganin sanyi biyu. Ta rasu da safe bayan ƙaramar salla, a gadonta, ba ta sha wahala ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, muna zaune da yayana a falo, sai ya ce yana so ya yi sadaka da sunan Inna da na yayarmu. Ya ɗauki alƙalami, ya tambaye ni sunanta. Na buɗe baki. A saman gida, da Harami, da duk watannin da suka biyo baya, Inna ba ta taɓa cewa komai ba sai "yarinyar", ni kuma ban tambaya ba. Muka kira ƙanwar babanmu da ke Jidda, ita kaɗai ta rage a tsararsu. Ta ce ta tuna an yi yarinya, baƙa, mai manyan idanu. Ta yi ta ƙoƙari, ta kawo suna biyu, ta janye su duka. Daga ƙarshe ta ce mu yafe mata, ta tsufa.