Rular Malam Zarami

Malam Zarami mai zanen gini ne a Azare, ni kuma magini. Shekara ashirin yana zana, ina ginawa. Iyayensa daga Yobe suka zo, Babarbare ne, ni Bafulatani, don haka ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba.

Da alƙalami ya fara, kan takarda mai shara-shara. Da kwamfuta ta zo, tsaransa suka ce sun tsufa da koyo. Shi ya zauna gabanta da furfurarsa har ta saba da shi. Amma tsohuwar rularsa ta katako mai fuska uku ba ta bar aljihunsa ba.

A 2005 aka ba ni ginin wani ƙaramin asibiti a ƙauye kusa da Giade. Injiniya Asma'u, wadda ta tsara ginin, ta aiko zane talatin da shida daga Kano cikin faifai. Washegari za mu ja igiya mu haƙa tushe, motar ƙarshe ta zuwa ƙauyen kuma tana tashi bayan la'asar. Ni ba na gane lambobin Turawa da ke jikin zane sosai. Rula nake ɗorawa kan takarda in auna, yadda maigidana ya koya mini. Abin da takarda ta ce, shi nake ginawa.

Na kai wa Zarami faifan, ya jera zanen duka ya ce wa kwamfuta ta buga su a tafi ɗaya. Uku suka fito, firintar ta yi tsit.

Na ce, "Babarbare, injinka ya gaji da kai."

Ya ce, "Bubayero, wannan ba saniya ba ce, sanda ba ta yi mata magani. Zauna."

Ya riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Can ya yi dariya. "Ka ga, kowane zane cikin sauran yana riƙe da sunan firintar ofishinsu na Kano. Ita yake nema a ɗakin nan, bai gan ta ba." Ya sauya musu sunan da na firintarsa, takardu suka riƙa zubowa da ɗuminsu. Wallahi tsayawa na yi ina kallo. Abin da a da yake cin wata biyu a hannunsa, ga shi kafin azahar.

Na naɗe su zan fita, ya riƙe rigata. "Ina za ka? Ban auna ba."

"Malam, mota fa."

"Motar ta jira."

Ya shimfiɗa su a ƙasa, ya durƙusa da rularsa. A ta goma sha ɗaya ya tsaya. Ya ce in auna ƙofar ɗakin haihuwa yadda na saba. Na auna, santimita tamanin da biyar.

Ya ce, "Lambar da ke jiki ta ce mita ɗaya da ashirin. Gadon asibiti mai taya zai shiga taka?"

Ashe zane tara an saita su ne kwamfuta ta matse su su cika takarda, sai komai ya ƙanƙance. Ido ba ya gani. Injiniya lamba za ta karanta, ba ruwanta. Shi kaɗai ya tuna cewa rula nake ɗorawa. Ya gyara taran, ya sake bugawa, ya auna har ta ƙarshe, bai yi mini gori ko sau ɗaya ba. Na iske motar tana shirin tashi.

Ya rasu a damina ta 2008, bayan jinyar kwana shida. Matarsa Fatu ta aiko mini rular a naɗe cikin hularsa. Na kasa taɓa ta har sati.

Bara na koma asibitin gyaran rufi. Ina kan tsani aka turo wata mata a gado da gudu, nas biyu a gefenta. Gadon ya wuce ƙofar nan bai ko goga ba. Na sauko na zauna a ƙasa, hawaye suka zo mini.

Allah ya jiƙan ka, Babarbare. Allah ya yalwata maka makwanci.