Gwangwanin Uwar Mizan

Mizanur mutumin Bangaladash ne, amma shekara uku muka yi da shi a ɗaki ɗaya a unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira, muna karatu, har bakinsa ya kama "sannu da aiki" da "Allah ya kiyaye". Mizan muke ce masa. Gajere ne siriri, ga tsabtar tsiya. Ka kuskura ka taka masa darduma da jiƙaƙƙiyar ƙafa, ranar ka sha wa'azi har la'asar. Ni kuwa Abdurrahim ɗan Gusau, Allah bai yi ni da haƙurin mai mita ba, saboda haka kullum muna cikin cacar baki, kuma ba mai iya cin abinci sai ɗayan ya dawo.

Babansa limamin ƙauye ne, ya rasu tun Mizan yana ƙarami. Uwarsa ce ta turo shi Masar, ta ce kada ya sake ya dawo sai da takardar gama karatu, don ya gaji limancin uban. Shekara bakwai bai taka gida ba. Alƙur'ani yana kansa, Fiƙihu kamar ya sha a nono, amma Nahawu ya ƙi shi ƙememe. Sau biyu yana kayar da shi. A shekarar 2014 aka ba shi dama ta ƙarshe, jarrabawar zagaye na biyu bayan ƙaramar Sallah. In ya faɗi, makaranta ta sallame shi.

Duk Sallah uwar tana aiko masa da tsohon gwangwanin madara, an naɗe da zane an ɗinke, ta hannun duk wanda Allah ya kawo daga can. A ciki akwai wani ɗan cincin mai gishiri da suke kira nimki, sai kuma sarauniyar gwangwanin, naru. Gogaggiyar kwakwa ce ake dafawa da mazarƙwailar ƙasarsu, a dunƙula kamar gullisuwa. Ɗaiɗai yake raba mana, ni da sauran ɗaliban gidan, kamar mai raba magani a asibiti.

"Haba Mizan, ko guba ce ai ka ƙara," nakan ce.

"Abdu, wannan ba don cika ciki aka yi ta ba," yakan amsa, ya danne murfi.

Shi ya taɓa gaya mini cewa da zafinta ake dunƙula ta, tana sauka daga wuta. In aka jira ta huce ba ta kamawa. Tafin hannun uwarsa ya yi shekara arba'in yana shan wannan zafi, shi ya sa tata take fitowa sumul, da ƙarfi, sai ka sa haƙori.

Cikin azumin shekarar, Ya'ƙub, dattijon ɗaliban Bangaladash, ya ja ni gefe a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ya ce uwar Mizan ta rasu, kuma dangi sun yanke a ɓoye masa har ya gama jarrabawa. Ban yi musu ba, don mu ma haka muke yi wa ɗan makaranta. Ni kaina wata huɗu aka ɓoye mini rasuwar kawuna. Aikina shi ne in hana baƙi masu sakin baki zama da shi. In ya buga waya gida, wansa zai ce masa tsohuwa mura ta shaƙe mata murya. Ƙanwarsa kuma za ta haɗo gwangwanin Sallah kamar yadda aka saba, don kada ya yi zargi. Har yaba wannan dabara na yi, Allah ya yafe mini.

Gwangwani ya iso ana jibi Sallah. Da muka dawo daga Idi ya warware ɗinkin, ya ɗauki naru ɗaya, sai ta ruguje tsakanin yatsunsa. Ya ɗauki ta biyu, ita ma haka. Ya daɗe yana kallon garin da ke tafinsa. Can sai ya turo mana gwangwanin gaba ɗaya.

"Yalla, ku ci. Ku cinye duka."

Muka yi ta tsokanarsa wai yau rowa ta tafi hutu. Ni kaɗai na ci shida, ina santi.

Daga ranar ya daina mita. Na taka dardumarsa, bai ɗago ba. Ya zauna gaban littafin Nahawu daga safe har magariba, ni kuma ina kai masa shayi ina jin daɗi, a zatona karatu ne ya kankama. Ban lura shafi ɗaya yake kallo ba.

Ranar da ya fito daga jarrabawa, Ya'ƙub ya zo da mutum biyu. Suka zauna, ya gyara murya, ya fara jawo ayoyin haƙuri. Mizan ya ɗaga hannu.

"Khalas, ya isa haka, ya Shaikh. Na sani tun ranar Sallah. Ƙanwata tana tsoron zafi, sai ta huce take taɓawa. Kuma in dai uwata na numfashi, ko a kwance take, ba ta barin wani ya dunƙula mini."

Ya'ƙub ya ce, "To me ya hana ka tambaya, ɗana?"

"Wa zan tambaya? Kowa murmushi yake mini. Kwana ashirin da biyu ina jira mutum ɗaya ya ce mini Allah ya jiƙanta, in samu in yi kuka a gaban jama'a. A banɗaki nake yi, in saki famfo." Ya juyo gare ni. "Abdu, ranar da kake ci, ka sani?"

Na ce na sani. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Sunansa kawai ya rubuta a takardar jarrabawar. Makaranta ta sallame shi, kuma bai koma gida ba. Ya ce bai da fuskar da zai tsaya da ita a kan kabarin uwarsa hannu wofi. Ya bar ɗakinmu, ya kama aikin guga a wani ɗan shago bayan kasuwar Ashir. Mun so mu tsare masa karatu, muka raba shi da karatun, muka kuma hana shi zaman makoki. Har gobe abin yana ci mini rai.

A 2015, da zan bar Alƙahira, na je yi masa sallama. Na tarar da shi a tsaye cikin tururi, ya ƙara ramewa. Na ce ya yafe mini. Ya ajiye dutsen gugar, ya miƙo mini hannu da ladabi.

"Ma'alish, ba komai, ya ustaz. Allah ya kai ka lafiya."

Tun da na san shi Abdu yake ce mini, bai taɓa kirana ustaz kamar baƙo ba sai ranar.