Wurin Mutum Ɗaya a Bayan Babur

Da gardamar koko muka fara safiyar ranar. Zulai, matata, ta ce na cika shan sukari kamar yaron goye, ni kuma na ce ɗan da ke cikinta ne ya koya mata rowa tun bai fito ba. Ta jefe ni da ludayi, ta yi dariya har tana riƙe ƙugu. Cikinta ya tsufa a lokacin.

Acaba nake yi tsakanin ƙauyenmu da Kafin Hausa. A kan babur ɗin na fara ganinta, ranar wata kasuwa, ta yi ta yi mini faɗa kan gudu har ƙofar gidansu. Tun ranar nake sonta. Da dangi suka ce in nemi 'yar gida, Baba ne ya ce a bar yaro da wadda ransa ke so, ya tura ƙannensa neman aure.

Tun rasuwar Inna mu uku ne a gidan. Baba yana zaure yana tufkar igiya, ƙafarsa a miƙe, don gwiwarsa ta dama ta daɗe da sanƙarewa. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" ne, ko "wannan yaron". Tsakaninsa da Zulai kuwa kunya ce irin ta suruki da suruka. Daga nesa take durƙusawa ta gaishe shi, kanta a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Amma duk ranar kasuwa sai ya miƙo mini ƙunshin tsire ya ce, "Kai wa mutanen ciki."

Mun ji an yi rikici kan burtali a ƙauyen da ke gabas da mu, har an rasa rai. Muka ce Allah ya kyauta, muka ci gaba da sussuka. Ba zan faɗi ko su wane ne suka zo ba, domin a cikin danginsu akwai waɗanda suka ɓoye yaranmu a ranar.

Da hantsin ranar ina wanke babur a ƙofar gida. Karnuka ne suka fara. Sai ihun mata daga masussuka. Sai ƙarar bindigar toka, sai wata. Hayaƙi ya tashi daga rumbunan gabas, warin gero mai ƙuna ya cika gari.

Ladanmu ya ɓullo da gudu, kibiya a cake a kafaɗarsa. "Ku fita! Sun shigo!" Bai kai masallaci ba ya faɗi. Na ga an sare Audu mai shayi a wuya yana kan bencinsa. Tukunyar ta kife, ruwan zafi ya gauraye da jini ya gangara kwata. Wanda ya sare shi ko waiwaye bai yi ba, ya cusa wuta a rumfar shayin.

Na faɗa cikin gida na jawo Zulai, ko mayafi babu. Na ɗora ta a babur. Na koma zaure na ɗago Baba, na kawo shi har gindin babur ɗin. Na tayar da inji.

"Hau, Baba!"

Ya dubi wurin da ya rage a bayan Zulai. Ya tsaya.

"Kai ta, ka dawo."

Ni da nake ɗora mutum uku da buhun masara ranar kasuwa! Wuri yana nan. Amma in ya hau, jikinsa zai taɓa na surukarsa, dole ya riƙe ta a gargada. Na ce to ya zauna kan tanki a gabana, ni in shiga tsakaninsu. Ya kalle ni kamar na zage shi.

Zulai ta ɗaga kai ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. "Baba, don girman Allah ka hau. Ni 'yarka ce."

Ya kawar da fuska. Kibiya ta cake a ƙyauren zaure, tana rawa. Dangar maƙwabta ta kama da wuta. Zulai ta fara zame ƙafa za ta sauka, tana cewa mu tafi, ita za ta bi sauran mata da ƙafa.

"Habu!"

Sunana ne, a bakin Baba.

"Habu, tafi da ita! Ka same ni a kwalbatin hanyar gona!"

Na ja babur.

Ta cikin gonaki muka bi. Kututturen kara yana dukan taya, Zulai ta ƙanƙame ni tana salati, ina jin cikinta a bayana. Mutane na gudu ta ko'ina, wata da jariri, wani da akuya a wuya. Wani mai takobi ya biyo mu, ya kai sara, ya samu ƙarfen baya. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Da akwai mutum a wurin, shi zai samu. Na sha gaya wa kaina haka, bai taɓa sanyaya mini rai ba.

Ana kiran azahar muka hau kwalta. Na sauke Zulai wajen wasu mata masu tuyar awara a bakin Kafin Hausa. Ta riƙe mini riga, sannan ta saki da kanta. "Je ka ɗauko shi."

Na tarar an tare hanyar ƙauyenmu, ba shiga ba fita. Na roƙa, na yi kuka, na yi zagi. Daga baya na jingine babur a gindin wata tsamiya na zaga da ƙafa ta fadama. Harbi ya tsaya. Babu abin da ake ji sai ƙarar wuta tana cin azara da kukan tumaki da aka bari a ɗaure.

La'asar ta yi na isa kwalbatin. Tun daga nesa na ga sawunsa a rairayi, ƙafa ɗaya da ramin sanda, ɗayar tana jan ƙasa. Ya iso. Yana zaune a kan kwalbatin, ya jingina da siminti, fuskarsa tana kallon hanyar da zan ɓullo. Sara biyu ne, ɗaya a hannun da ya kare da shi, ɗaya a ka. Jinin ya riga ya bushe.

Dab da wurin akwai gonar dawa da ba a yanke ba. Mutane da yawa sun kwanta a ciki sun tsira. Wata tsohuwa daga cikinsu ta ce sun yi ta kiransa ƙasa-ƙasa ya shigo. Ya ce a'a, in ya shiga, yaronsa zai zo ya wuce bai gan shi ba.

Kafin magariba muka binne su, shi da ladan da Audu da sauran. Washegari muka shiga motar Dutse, muka sauka a Takur, gidan Gwaggo ƙanwar Baba. A can Zulai ta haihu, namiji.

Na yi fushi da Baba. Har yanzu wani lokaci ina fushi da shi, in kuma rasa inda zan sa kaina don kewarsa. Gidan ya ƙone, da rumbu, da awakin Zulai. Irin waɗannan an ce ana iya mayar da su, wasu ma mun fara mayarwa.

Babur ɗin yana nan, da tabon takobi a ƙarfen baya. Ban taɓa yi wa Zulai maganar ba, ita ma ba ta taɓa yi ba. Amma duk ranar da na ɗauke ta, da yaron a goye, sai ta matso ta manne da bayana sosai, ta bar wurin mutum ɗaya a baya.