Salatif ɗin da Likita ya adana shekara tara

A gareji kowa Likita yake ce masa, alhali bai taɓa riƙe allura ba. Mai goge fentin mota ne da inji. Sunan ya samo asali ne daga yadda yake naɗe mota da salatif na takarda kafin ya taɓa ta: bakin ƙofa, robar gilashi, tambari, da duk wani ƙashin jiki da ya ɗan taso. In ya gama, sai ka ga mota tsaye kamar majinyaci.

"A gefe fenti ya fi siranta," in ji shi. "Soson inji ya ɗan daɗe a wurin, ya cinye."

Rumfa ɗaya suke aiki da mijin ƙanwarsa, wanda ake kira Nan-take. Shi kuwa dariya abin yake ba shi.

"Yaya, yau ma tiyata ce? A kira dangin mota su zo dubiya?"

Wata rana wani tsohon alƙali ya kawo baƙar motarsa. Likita ya naɗe ta tsaf, ya tafi cin abinci. Da alƙalin ya dawo da la'asar, Likita ya shiga ɓare salatif a gabansa, a hankali, kamar mai buɗe kyauta. A bakin ƙofar direba sai ga tabo fari, tsawon ɗan yatsa, fenti ya ƙone har ƙarfe ya leƙo.

"Da ma ɓoye ɓarna kake yi da takardun nan?" in ji alƙalin, a gaban kowa.

Nan-take ya sunkuyar da kai.

Sai da jama'a suka watse Likita ya juya tsinken salatif ɗin da ya rufe tabon. A gefen da ke da danƙo ya ga garin man goge da sawun babban yatsa. An ɓare shi, an bi wurin da inji don a yi sauri, an ƙona, an mayar. Ya dubi mijin ƙanwarsa, ya tuna ƙanwar tana da tsohon ciki. Ya ninke tsinken, ya sa a gidan tabaransa.

Manyan motoci suka daina zuwa wajensa. Ya koma ƙarshen layi, kusa da mai faci, yana goge tasi. Nan-take ya buɗe rumfa mai allo da fitilu. Shekara tara suna haɗuwa a suna da jana'iza, suna gaisawa, tsinken nan yana kwance ƙarƙashin tabarau kamar garwashi cikin toka.

Sai ga alƙalin ya sake shigowa layin da sabuwar mota, baƙa wuluk, ya tsaya gaban rumfar Nan-take. Likita ya goge hannu, ya tako.

"Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya. A raba bonet biyu. Shi rabi, ni rabi. Kai ne alƙali."

Tsohon ya yi murmushi, ya ce a yi.

Likita ya ja salatif ɗaya a tsakiya, ya rufe gefunan ɓangarensa. Sannan ya ɗaga ragowar salatif ɗin sama, yadda duk makanikan da suka taru za su gani.

"Ƙanina, ga bandeji. Ko ka girmi tiyata?"

Aka fashe da dariya. Likita ya san mutuminsa. Wanda ya shekara da shekaru yana yi wa salatif ba'a ba zai miƙa hannu a gaban taro ba.

"Riƙe kayanka, Yaya. Hannuna ya san hanya."

Injina biyu suka tashi. Likita yana tafiya a hankali, ɓangarensa yana zurfi kamar ruwan rijiya, har gajimare ya sauko ciki. Nan-take ya riga shi isa gefe. Sosonsa ya hau ƙashin bonet, ya yi ɗan jinkiri na numfashi ɗaya. Warin ƙuna ya tashi. Fari ya leƙo.



Likita ya kashe injinsa, ya buɗe gidan tabarau, ya warware tsohon tsinken da ya koma ruwan ƙasa. Ya nuna wa alƙalin garin da sawun yatsan, ya faɗi abin da ya faru a taƙaice. Sannan ya kamo hannun Nan-take, ya ajiye babban yatsansa kusa da sawun.

"Naka ne?"

"Yaya, ka dubi 'ya'yan ƙanwarka."

"Su na duba shekara tara. Naka ne?"

"Nawa ne."

Likita ya ɗora tsinken a kan sabon tabon. Danƙonsa ya mutu tuntuni, sai da ya danne shi da yatsa.

"Mayar maka na yi," ya ce.

Alƙalin da kansa ya tuƙa motar zuwa ƙarshen layi, kusa da mai faci.

Ƙanwarsa ta yi wata huɗu ba ta taka gidansa ba. Ya ce ya ji zafin hakan, amma bai ce ya yi nadama ba. Har yau yana naɗe mota kamar majinyaci, kuma in an ce Likita, yana amsawa da ƙarfi.