'Yar Mai Rediyo da Littafin Inbata

Tun tana ƙarama ake kiranta 'Yar Mai Rediyo, har ta haifi huɗu sunan bai sake ta ba. Mahaifinta, Allah Ya ji ƙansa, gyaran rediyo yake yi a wani ɗan shago mai warin dalma, ita kuwa ta tashi tana tsince masa ƙananan kusoshi a faranti. Ta karanci Turanci da Faransanci, ta samu aikin fassara a kamfanin da ke shigo da kayan wutar sola.

Halinta ɗaya ke ba manaja haushi: ba ta rubuta sunan abu sai ta riƙe shi a hannunta. Da aka kawo littafin wata sabuwar inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, shafi tamanin, za a mayar da shi Faransanci domin masu saye na ƙetare, sai manaja ya ba ta mako guda. Ya ƙara da cewa surukinsa zai yi irinsa da kwamfuta kafin la'asar, in nasa ya yi, teburinta ya tashi.

Ta rungumi wata matacciyar inbata, ta kai bayan kasuwa wurin wani dattijon mai gyara da ya koyi sana'ar da Faransanci. Suka kwance ta. Ta ɗaga abu, ta karanta masa sunan da ƙamus ya ba ta, shi kuma ya faɗi wanda masu aiki ke kira.

"Ɗiyata," in ji shi yana dariya, "wannan kalmar taki ko maigidana bai taɓa furta ta ba."

Kwana shida tana haka, gefen mayafinta har da ƙuna. Mijinta ya ce shi dai malama ya aura, ga shi an musanya masa da makanike.

Ranar gwaji masu saye suka turo ma'aikacinsu, wanda ba ya jin Turanci ko na gaisuwa. Manaja ya fara miƙa masa takardun surukinsa. A shafi na huɗu mutumin ya tsaya, ya juya takarda, ya leƙa cikin sabuwar inbatar da zai haɗa, ya tambayi wane abu ake nufi.

Aka ba shi nata. Tana daga bakin ƙofa tana salati a zuci. Ya ɗora yatsa kan layi, ya ɗaura waya, ya sake bin layi, bai ɗaga kai ba sau ɗaya. Da ya danna maɓalli sai fankar ofis ta fara juyawa, takardun kan tebur suka ɗaga.

Ya tambayi wane injiniya ne ya rubuta wannan. Manaja ya yi gyaran murya, ya nuna ta da haɓa.

Washegari ta tarar da sababbin littattafai uku a teburinta. A ƙasa kuma an jera injinansu, kowanne a buɗe.