Sakatariya da Shukarta

A ofishin da nake jiran takarda, sakatariyar ta ba mu baya. Doguwa ce, fuska a murtuke, sanye da safar hannu. Tana goge wata ƙatuwar shuka mai ɗigon fari a ganye, irin wadda ruwanta ke kumbura harshe, ganye bayan ganye kamar mai yi wa jariri wanka.

Wata tsohuwa da ta gaji da tsayuwa ta nuna gorar ruwan da ke gefenta. "'Yata, ko kurɓi ɗaya."

"Na shuka ne, Iya. Sai da na bar shi ya kwana."

Ina jin a gida ma ba mai yi mata magana. Ta dai sami ƙawa daidai ita: ga kyau, ga dafi, ba gaisuwa.