An Shanya Tattasai a Gilashin Mashin Ɗina

Na je gidan yayana a Shagari karɓo mashin ɗina da ya ara, sai na tarar da gilashin tare iskarsa a ƙasa, an shanya tattasai a kai.

Likita ne fa ya ce iskar hanyar Boɗinga ke tayar mini da ciwon ƙirji, shi ya sa na ɗaura shi.

Na ce, "Yaya, wa ya kwance wannan?"

Ya ce, "Ni ne. Ya hana buhun albasa zama bisa tanki. Mu da munka tsufa muna shan iska, mutuwa munka yi?"

Babba ne, sai na hau mashin ɗin haka nan ba gilashi. Da tari na iso gida.

Jama'a, gobe in na hana shi aro, ni ne marar zumunci ko?